Tambaya da Amsa: Wane kifin gida mai farauta zan iya ajiyewa a falo?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun da suka taru wannan karon kusan duk magana ɗaya suke yi, wato ajiye kifayen kogunanmu masu cin 'yan uwansu a tankin gilas a cikin gida, shi yasa na haɗa su waje guda. Kamar kullum mun cire sunaye, gari kawai muka bari.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Na sa mai gilas ya haɗa min tanki ƙafa uku, tsawo santimita 90, faɗi 45, zurfi 45, kuma ni gaskiya bana son jajayen kifin nan na kanti da kowa yake sawa, inason kifinmu na gida mai zafi wanda in na jefa masa abu zai cafke nan take. Akwai wani masunci a Wudil da yace zai samo min ɗan tsage ko 'yar giwar ruwa kamar tsawon yatsa. Wanne zan ɗauka? Daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi naji daɗi da ka waiwayi kifin gida, don mutanen Turai da Amurka kuɗi suke sawa a kai musu irinsu a jirgi ta Legas, mu da suke ƙofar gidanmu kuma bamu san su ba sai a tukunya. Amma cikin biyun da ka lissafa kar ka ɗauki ko ɗaya, kuma zan faɗa maka dalili.

Fara da lissafin ruwan. Ka ninka 90 da 45 da 45 ka raba da dubu, zai baka lita 182, wato jarka bakwai da ɗan wani abu irin mai lita 25, kuma in ka zuba yashi ka bar fili a sama ma bazai kai haka ba. Toh giwar ruwa kifi ce da take kusan kai mita biyu a tsawo, akwai wadda aka auna ta kai kilo 200, manyan da kake gani ana ɗagawa a Argungu daga kogin Matan Fada masu kilo hamsin, sittin har sama da saba'in yawanci ita ce, kuma duk daga tsawon yatsan nan suka fara. Zaka ji masu sayarwa suna cewa ai kifi daidai da tankinsa yake girma, kar ka yarda, abunda yake faruwa shine kifin yana tsumburewa saboda ƙunci da ƙazantar ruwa, bayansa ya lanƙwashe, ya daina ci, ya mutu tun bai yi rabin kwanansa ba. Tsage kuma nasa matsalar daban ce. Kifin sararin ruwa ne mai gudu, garke suke yi, baya tsayawa, yana wuce santimita 70, kuma yana buƙatar iska mai yawa a cikin ruwa, ranar da aka ɗauke wuta injin iska mai hura iska cikin ruwan ya tsaya shine na farko da zai juya ciki sama. Ga firgita, yaro ya kunna fitila ko ya buga ƙofa sai ya zabura ya daki gilas da baki, bakin ya fashe ya ƙi warkewa.

Kifin da ya dace da tankinka gartsa ce, wasu wuraren gwando suke cewa, in zaka bincika a intanet ka rubuta Polypterus senegalus. Doguwa ce mai ɓawo mai tauri, a gadon bayanta akwai ƙananan fukafukai a jere kamar haƙoran zarto, tana da hannaye biyu a ƙirji da take dogarawa a ƙasa tana tafiya a hankali, da 'yan bututu biyu a hanci. A tanki yawanci santimita 30 take tsayawa ko ta ɗan haura. Babban abunda yasa nake cewa ita ce tamu shine tana da huhu, tana hawowa sama ta shaƙi iska ta koma, don haka ɗauke wutar awa shida ko goma bata kashe ta yadda take kashe tsage. Kuma mafarauciya ce ta gaske, sai dai ba da gudu ba, idonta bai da ƙarfi sosai, da hanci take bin abinci, zaka ga da magariba ta fito tana sunsuna yashi tana matsowa a hankali har ta zo daf sannan ta wafce, ni a wajena wannan yafi daɗin kallo nesa ba kusa ba akan kifin da yake ta haukan gudu yana jiwa kansa ciwo. Tana sabawa da mai ba ta abinci, kuma in ka kula da ita tana wuce shekara goma, don haka ka san ɗawainiya ce mai tsawo kake ɗauka.

Amma ka lura gartsa ba iri ɗaya bace a ruwanmu. Wadda nake nufi launinta ɗaya ne, ruwan toka ko ɗan kore-kore ba zane, fukafukan bayanta takwas zuwa goma sha ɗaya, kuma haɓarta ta ƙasa bata fi ta sama tsawo ba. In ka ga mai ratsi-ratsi a jiki, kanta a baje, haɓar ƙasa ta turo gaba, toh manyan ne masu kai santimita 60 zuwa sama, ka bar wa mai tankin ƙafa shida. Ka roƙi masuncin ya baka wadda ta shiga gura, wato tarkon da kifi ke shiga da ransa, ba wadda ragar kalli ta shaƙe ko ƙugiya ta huda ba, kuma in kaji ƙishin-ƙishin ana zuba guba a ruwan da yake su, kar ka karɓa ko kyauta ce. Sannan murfi, murfi, murfi. Gartsa tana fita ta kafar da baka taɓa zato ba, da safe ka same ta a bayan kujera ta bushe, ka toshe ko ina har inda waya take shiga, amma ka bar tazarar yatsa uku tsakanin ruwa da murfin don ta samu iskar shaƙa. Ƙasa ka zuba yashi mai laushi da aka wanke, ba tsakuwa ba don tana haɗiye ta tare da abinci, ka sa mata guntun fayif na roba ko fasasshen tulu ta riƙa shiga. Ɗaya ta isa a tankinka, in ka matsa biyu masu girma ɗaya.

Tambaya: Malam ni abun ya ɗaure min kai, na sayo gartsa biyu da ƙurungu ɗaya, ranar na cika sabon tanki da ruwan famfo na zuba su na basu abinci sosai, kwana huɗu ruwan yayi fari yana wari, ƙurungun ya mutu ɗaya gartsar ma ta bi shi. Ko hannu aka sa min? Daga Katsina.

Amsa: Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa, ba hannun kowa, ruwan ne. Abu biyu suka haɗu. Na farko ruwan famfo akwai kulorin a ciki, yana ƙona sassan da kifi yake numfashi da su, sai ka tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana da injin iska a ciki ko ka ɗiga maganin cire kulorin da masu kayan kifi suke sayarwa. Na biyun shi yafi kisa kuma shine yawancin mutane basu sani ba. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuma guba ce ko kaɗan ce, a kogi ruwa ke tafiya da ita amma a gilas ba inda zata je, sai in akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zama a jikin soson filta, wato matatar ruwan tanki, suna cinye ta su mayar da ita abu mai sauƙin illa, kuma su waɗannan ƙwayoyin sai sun yi sati huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da zasu iya aikin. Kai kuma ka zuba masu cin nama har uku a rana ɗaya, kashin mai cin nama kuwa yafi na kowa amoniya. Abunda ake yi shine a kunna filta tankin ba kifi, ana ɗan jefa ƙwayar abinci kullum har wata guda, ko ka roƙi wanda tankinsa ya daɗe ya matse maka tsohon sosonsa a naka, wannan yana rage jiran sosai.

Wadda ta rage maka yanzu ka daina bata abinci kwana uku, ba abunda zai same ta, kullum ka kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan ka mayar da wanda ya kwana, har ruwan ya washe. Daga baya sau ɗaya a sati ya isa. Kuma soson filta a cikin ruwan da ka kwaso daga tankin zaka wanke shi, ba a bakin famfo ba, ba omo ba sabulu. Ni filtar soso mai aiki da injin iska nake ba mutanenmu shawara, ka samu injin mai caji ko ka jona shi a sola, don manyan filtocin nan masu rufaffiyar gwangwani in wuta ta daɗe bata zo ba ƙwayoyin ciki mutuwa suke, tana dawowa kuma su turo ruɓaɓɓen ruwa cikin tankin. Da hunturu ka sa hita mai ɗumama ruwa a kan digiri 26, sanyin Katsina da asuba yana saukar da ruwan gilas ƙasa da yadda kifin zai iya ci, ka kuma kare hitar da raga don gartsa tana kwanciya a kanta ta ƙone. Da bazara ka janye tankin daga taga. Sai fiya-fiya da maganin sauro na fesawa, waɗannan sun kashe kifin mutane da yawa a dare ɗaya, in dole sai an fesa ka kashe injin iskan ka lulluɓe tankin da jiƙaƙƙen zani sai warin ya fita.

Tambaya: Malam barka da aiki. Yarona ne ya dawo daga hutu wajen kakanninsa a Yawuri da wata 'yar minjirya a bokiti wai sai ya ajiye ta a gilas, ni kuma ina da ƙananan yara uku a gidan, hankalina bai kwanta ba. Daga Zariya.

Amsa: Hajiya damuwarki tana kan hanya. Babbar minjirya jan wutarta yana kai bolt 350, ba a san ta da kashe lafiyayyen babban mutum ba amma yaro ƙarami da ya tsoma hannu yana tsaye a kan kujera zai iya zabura ya faɗo ko ya jawo tankin, lita ɗari kuwa kilo ɗari ne banda gilas. 'Yar ƙarama jan nata kaɗan ne yanzu, amma tana iya wuce rabin mita, wutar kuma tare da jikin take girma. In har za a ajiye ta sai da murfi mai kwaɗo, ita kaɗai ba tare da wani kifi ba don da wutar take sumar da su ta haɗiye, a sa mata fayif ta ɓuya, ba dutse mai kaifi don bata da ɓawo fatar tsirara ce. Kuma ki gaya masa gaskiya tun yanzu, da rana ba zai riƙa ganinta ba, sai dare take fitowa. Da ni ne a gidan da ke da 'yan ƙasa da shekara biyar zan lallashe shi a musanya da gartsa.

Tambaya: Mu nan kifi ba matsala bane Malam. Na haɗa ɗan yauni da tufi biyu da ƙananan ƙarfasa guda goma a tankin ƙafa huɗu, yanzu ƙarfasa saura uku, kuma jelar yaunin a gutsure take. Me zan ƙara musu su daina faɗa? Daga Nguru.

Amsa: Ba ƙari ake buƙata ba Malam, ragi ne. Ƙarfasar ba faɗa aka yi da su ba, cinye su aka yi, duk abunda zai shiga bakin tufi abincinsa ne, kuma bakin nasa yafi yadda kake gani buɗewa. Tufi kifi ne mai kyau a tanki, shima yana shaƙar iska a sama, yana laɓewa cikin ciyawa baya motsi sai abu ya gifta, yana kai santimita 50, tankin ƙafa huɗu zai riƙe guda ɗaya in ka rage haske ka sa ganye mai yawo a saman ruwa. Biyu in ba mace da namiji bane da suka amince da juna sai ɗaya ya illata ɗaya.

Yauni kam raina ne yake ɓaci duk sanda naga an sa shi a ƙaramin gilas, don kifi ne mai ban mamaki da ya cancanci fiye da haka. Bashi da fiffiken wutsiya, da doguwar tutar bayansa yake tafiya, gaba da baya duk ɗaya ne a wajensa, kuma jikinsa a miƙe yake barinsa saboda yana fitar da wata 'yar wuta marar ƙarfi daga jelarsa ba tsayawa, da ita yake gane abunda ke kewaye da shi cikin ruwa mai laka. A kansa ne wani masani Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya fara bayyana wannan a 1951. Toh jelar da aka gutsure masa nan abun yake. Sannan yana wuce mita ɗaya da rabi, kuma in ya tasa shi zai koma yankan tufin, ku mutanen Nguru kun fi ni sanin cizonsa lokacin da yake gadin sheƙarsa a cikin ciyawa da damina. Ka cire shi yau, in kana da kwamin siminti irin na masu kiwon tarwaɗa ka sa shi shi kaɗai, in babu ka mayar da shi inda aka kamo shi. In kana son abokin zama ga tufin ka gwada babban ƙurungu wanda yafi ƙarfin bakinsa, ba ƙarami ba, don ƙurungu yana kafe ƙayoyinsa a maƙogwaron wanda ya haɗiye shi su mutu tare.

Tambaya: Wai dole ne sai da kifi mai rai ake ciyar da su? Matata tace zalunci ne, ni kuma naga haka ake yi a bidiyo. Daga Gusau.

Amsa: Ba dole bane, kuma ina bayan matarka. Masu bidiyon nan masu kallo suke nema. A kogi ƙaramin kifi yana da inda zai gudu, a gilas bashi da shi, kuma banda tausayi ma ƙananan kifin da ake kwasowa daga kududdufi su ne babbar hanyar shigo da cuta da tsutsa cikin tanki. Gartsa da tufi da minjirya duk suna karɓar yankakken ɗanyen kifi, jatan lande, tana, gyare, fara, da shinge in damina ta faɗi, gartsa ma har abincin tarwaɗa na buhu tana sabawa da shi in mai nutsewa ne. Farar dai ka tabbatar ba daga gonar da aka yiwa feshi ta fito ba. Kar ka basu kitse, jan nama ko hanjin kaji, cikinsu bai iya narkar da kitsen dabbar tudu yadda ya kamata ba, yana taruwa a hanta, ga ɓata ruwa. Sabon kamu zai iya ƙin ci har sati, kar ka tsorata, ka riƙe abincin da dogon tsinke kana ɗan motsa shi a gabansa bayan an kashe fitila, abunda bai ci ba ka cire kafin ka kwanta. Ƙanana kullum, manya sau uku a sati. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare bata ciyar da ita ba bata kuma sake ta ba, kifin da ke gilas ɗinka shima tsararre ne, abincinsa da tsaftar ruwansa suna wuyanka, har ranar da zaka yi tafiya sai ka san wa ka barwa.

Tambaya: Talibambam fa, da gaiwa? Daga Yamai.

Amsa: Duk biyun ana ajiye su, duk biyun kuma su kaɗai suke zama. Talibambam yana da wayo, yana gane mai shi yana binsa da ido, amma yana wuce santimita 40, baya jure ƙazantar ruwa ko ɗauke wuta, kuma haƙoransa girma suke yi kullum sai yana tauna abu mai tauri kamar dodon koɗi, ƙaguwa da jatan lande da ɓawonsa. Dodon koɗin kududdufi akwai masu ɗauke da tsargiya, kar ka kwaso su da hannu tsirara, ka sa safar roba kuma su yi kwana biyu a firiza kafin ka ba shi. Kar ka bari yara su riƙa tsokanarsa don ya kumbura, wahala ce gare shi, in ya kumbura da iska a wajen ruwa ma yana iya mutuwa, kuma jikinsa akwai guba. Gaiwa ita ta fi kowa haƙuri da rashin wuta, kifin da yake shiga laka ya yi rani guda a ciki ba ruwansa da injin iska, sai dai tana kai mita ɗaya kuma muƙamuƙinta yana fasa katantanwa, yatsa ma bata barinsa. Tankin ƙafa shida take so.

Tambaya: Nawa ya riga ya fi ƙarfin tankin, wani tufi ne da na sayo daga masu kawo kifi daga kudu, zan iya kai shi dam ɗin garinmu in sake shi? Daga Gombe.

Amsa: A'a Malam, dan Allah kar ka yi. Kifin da aka kamo kwanan nan ana iya mayar da shi ruwan da ya fito, amma wanda ya zo daga wani yanki kuma ya daɗe a gilas zai iya kai cutar da babu ita a wajen, ko shi kansa ya zama fitina. Giwar ruwan nan tamu da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 tana cikin abubuwan da suka ɓatar da ɗaruruwan irin ƙananan kifayen da babu su ko ina a duniya sai can. Ka nemi mai babban tanki ko mai kwamin kifi ka ba shi, ko ka yi magana da sarkin ruwan yankinku ko jami'an kula da kifi na jiha su gaya maka inda ya dace. In duk ba hali, tufi kifi ne da ake ci, matuƙar baka sa masa magani a ruwa ba a 'yan watannin nan. Kafin ka samu mafita ka mayar da shi babban bahon roba mai murfi a inuwa, kana canja masa rabin ruwan duk bayan kwana uku.